Yadda Muka Yi wa Gudumari Shugaba

Ɗaliban jami'ar nan ta Gashua sukan tsaya a gindin dogonyarona idan sun kawo cajin waya shagon ɗana, su ce, "Baba Idi, wai da kai ɗan jarida ne?" In ce musu ba da ba, har gobe, don ba a yin ritaya daga gulma mai lasisi. Sai su yi dariya, su ce mutanen zamaninmu wahalar banza muka sha, yanzu mutum ya ɗauki hoto ya danna waya, duniya ta gani. To, faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Ku gyara zama ku ji yadda ake aikin.

Aikina na farko gobara ce a layin masu bandar kifi a kasuwar Nguru. A lokacin ina ɗaukar wa Oga Danladi jaka. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nguru, da jirgi ya fara ja da baya sai ya koma aika wa jaridu labari. Ya ce in je in gano masa. Na je, na ga rumfuna sun zama toka, garin duk warin ƙonannen tarwaɗa, mata na tona gawayi da itace ko za su tsira da wani abu. Na cika takarda gaba da baya, har da maganar wata dattijuwa da ta ce kifin auren 'yarta ne ya ƙone. Na kawo masa ina jin kaina. Ya karanta a tsaye, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya faɗa?"

"Oga, ni na gani da idona."

"Idon naka wane muƙami gare shi?"

Ya ja ni muka tafi ofishin kantoma, wanda ko hayaƙin gobarar bai gani ba don daga Maiduguri ya dawo da safen. Kantoma ya gyara hula ya ce gwamnati tana jajanta wa waɗanda abin ya shafa. Wannan shi ya zama kanun labari, shi ya zama sakin layi na farko, gobara kuma ta biyo baya kamar 'yar rakiya. A hanyar komawa Oga ya ce min in riƙe abu biyu. Na ɗaya, labari ba ya shiga jarida sai da baki, kuma bakin sai na babban mutum. Na biyu, almakashin edita daga ƙasa yake ci. Idan talla ta shigo wuri ya matse, ƙarshen labari ake datsewa, shi ya sa ake sa manya a sama. Da jarida ta iso bayan kwana biyu a bayan motar Kano, na duba, babu dattijuwa babu auren 'yarta.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Biro biyu, don ɗaya zai ƙafe daidai lokacin da babban mutum ya faɗi abin da zai musa gobe. Rikoda mai kaset, wadda ke cin batir kamar tana da gaba da shi; idan batir ya yi sanyi sai muryar mutum ta ja, har sai ka cire ka ciza shi ka mayar. Tafireta ta Oga, wadda harafi ɗaya ya karye mata muke cikewa da hannu. Sai faks a shagon wani Inyamuri kusa da tasha, wanda sai an tayar da janareto, kuma takardar kan isa can rabinta baƙi ƙirin, a bugo a ce ka sake. Hoto kuwa sai dai a ba direba ambulan, ka bi shi da addu'a kada ya manta da ita a ƙarƙashin kujera. Da Oga ya gaji ya bar min jaridu biyu da yake wa aiki, ɗaya ta Hausa mai fitowa mako-mako daga nan Arewa, ɗaya ta Turanci daga Kudu. Ba su san ina yi musu aiki su duka biyun ba, ko kuma sun sani sun ga ba asara.

Zamanin soja aikin da sauƙi, baki ɗaya ne tal. Abin da gwamna ya ce, kantoma ya maimaita, kai kuma ka rubuta ka kwana a gidanka. Da aka koma mulkin farar hula sai bakuna suka zama biyu, kuma in kun tambaye ni wannan ce ribar dimokuraɗiyya ta farko da ta iso sana'armu. Akwai bakin rawani, akwai bakin kwat. Mai jaridar Hausa ɗan kwangila ne mai neman kujera, yana son malamai su riƙa ganin kansu a shafinsa. Masu ta Turanci kuma ba sa jin magana ta cika sai an ce lauya ne ko dakta ya yi ta. Shekarun nan ana ta jayayya a kan shari'a da tsarin mulki, kowace jarida ta ɗauki nata, abu ɗaya zai faru amma in ka ajiye su gefe da gefe sai ka rantse ƙasashe biyu ne.

Bakina na rawani shi ne Goni Bukar a Nguru. Wurinsa sai bayan la'asar. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ka durƙusa ka ce Alanguburo, ka zauna a ƙasa, rikoda kuma ka tura ta a hankali gefen buzu, kada ka ɗaga ta saitin gemunsa. Ba a yi masa tambaya kai tsaye. Sai dai ka ba da labarin abin da ya faru kamar mai neman fatawa, ka yi shiru, shi zai ɗora. Bakina na kwat kuma Dakta Usman ne a nan Gashua, tsohon babban sakatare, shugaban wani dandalin kare dimokuraɗiyya wanda a iya sanina mambobinsa shi ne da direbansa. Shi ka same shi da hantsi a baranda, ka ambaci muƙamansa duka ba ka tsallake ko ɗaya ba, ka bar shi ya yi Turancinsa, don ko awakinsa da Turanci yake kora. Su biyun ba sa ga maciji da juna. Goni na cewa Dakta ya sha nonon Nasara, Dakta na cewa Goni zai mayar da mu zamanin jaki. Amma duk ranar da jarida ta iso, abu ɗaya kowannensu ke fara dubawa, ko sunansa ya fito, kuma ko na wancan ya fi nasa girma.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ta zo min ne a kan keke. Ina zaune a nan wurin, sai ga wani mutum siriri, ƙafafunsa duk sun yi fari sun tsattsage irin na wanda ya daɗe a ruwa, ya ɗauro wata doguwar ciyawa a jikin kekensa, ta wuce gaba ta wuce baya. Ya ce sunansa Gaji, masunci ne daga Gudumari, wani ƙauye a cikin fadama tsakanin nan da Nguru, kuma an ce masa ni ne mai sa magana a takarda gwamna ya gani. Ya kwance ciyawar ya miƙar da ita, ta fi ƙofar shago tsawo. Kacala ce. Ku da kuka taso a nan kun san ta, amma a lokacin mutanen gari ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

Ya ce ta toshe mashigin da ke kawo musu ruwa ya kuma fitar da shi. Kwale-kwale ba ya wucewa, koma ba ta shimfiɗuwa, tsuntsayen jan-baki sun mayar da ita gida suna fitowa su cinye shinkafa. Sun shiga da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jininsu, su yanke nan, kafin su kai can ta sake tsirowa a bayansu. Abin da ya fi tsorata su shi ne ruwan da ke gangarowa daga yamma a ƙarshen damina. In ya zo ya tarar da hanyarsa a rufe, cikin gari zai shiga. Buƙatarsu ɗaya ce, gwamnati ta turo injin yashe ya buɗe mashigin kafin ruwan ya iso.

Na bi shi na gani. Na kwana biyu a can, na ci tuwon shinkafa da miyar karfasa, na ɗauki muryar bulama, wato mai garin, da ta mata da ta matasa, na rubuta labarin da har yau nake ganin ban taɓa rubuta kamarsa ba. Editoci biyu, ɗaya a Arewa ɗaya a Kudu, waɗanda ba su yarda da juna a kan komai ba, suka yi min tambaya iri ɗaya: wa ya faɗa? Na ce bulama. Na Arewa ya ce bulama ai ko a fada a ƙasa yake zama. Na Kudu ya ce in rubuta masa ma'anar kalmar.

Sai na ɗauki labarin na kai wa Goni. Ya saurara, ya ja carbi, ya ce fitina ba ta sauka a banza, jama'a su tuba, a daina tauye mudu, a rufe gidajen kallo. Na kai wa Dakta. Ya ce wannan alama ce ta rushewar shugabanci nagari, ya kamata a kira taron bita na masu ruwa da tsaki. Na ɗora kowanne a saman nasa labarin, na sa Gudumari da injin yashe a ƙasa, na aika. Makon nan kuwa wani shugaban ƙaramar hukuma ya cika shekara a kan kujera, 'yan kwangila suka cika shafuka da tallan taya murna. Jaridar Hausa ta fito da "Malami ya yi kira da a tuba", ta Turanci ta fito da kiran Dakta na a yi taro. Almakashi ya yi aikinsa a duka biyun.

Gaji ya sayi jaridun ya kai gida, malamin firamare ya karanta musu a ƙofar bulama. Kashegari ya dawo, bai yi fushi ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

"Malam Idi, an ce mu tuba, mun tuba. Shi kuma taron bitar ba mu san inda ake samunsa ba. Injin fa?"

Na hau mota na tafi Nguru wurin Oga Danladi, wanda a lokacin ya tsufa yana zaman shagon magani na matarsa. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce tun da aka fara siyasar nan bakuna ake sassaƙawa kamar turmi, me ya hana ni sassaƙa nawa? Ya ce in kafa musu ƙungiya.

Wannan aikin ku lura da shi, don ba a koyar da shi a aji. Na je shagon masu buga takardu aka yi mana takarda mai kan suna. Sunan ya ci layi uku, da "Haɗaɗɗiyar" a farkonsa da "ta Ƙasa" a ƙarshensa, masunta da manoman fadama a tsakiya. Mai sassaƙa hatimi na bakin kasuwa ya yi mana hatimi da hoton kifi da zangarniya. Kada ku ce ƙarya na yi, don ƙungiyar ta fi ta Dakta mambobi, garin Gudumari ne kaf. Aka zo zaɓen shugaba, bulama ya ce shi ya tsufa da wasan yara, jama'a suka ce a ba Gaji tunda shi ke da keke. Na kai shi wurin mai hoto aka ɗauke shi sau biyu. Na farko da babbar rigar surukina da carbi a hannu, wannan Malam Gaji ke nan na jaridar Hausa. Na biyu da kwat ɗin Oga Danladi da tabarau marar magani, wannan Kwamared Gaji na jaridar Turanci. Mai hoton ya sha fama da shi kafin ya yarda ya ɗaga kai ya dubi kyamara, don bai saba ba.

Labarin ya fito a duka biyun, ba a taɓa ko layi ɗaya ba. Kalmomin nan dai su ne na wancan karon, ban sauya komai ba sai wanda ya faɗe su. Gudumari a sakin layi na farko, injin yashe a kanu, kowace jarida da nata salon. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. A Gudumari an ce har guɗa aka yi, aka liƙa shafin a bangon masallaci ta waje.

Ba a rufa mako ba sai ga motoci sun nufi fadama. Ba injin ba ne. 'Yan jam'iyya ne, don zaɓe ya matso, kuma mutumin da ke riƙe da masuntan ƙasa baki ɗaya ba a barinsa a hannun 'yan adawa. Goni ya aiko a kawo masa Gaji, ya zaunar da shi a sahun gaba ranar rufe karatu, ya ce ga shugaba mai tsoron Allah. Dakta ya samu masu ɗaukar nauyin taron bitarsa a wani otal a Damaturu, ya ɗora Gaji a babban tebur da kwalbar ruwa a gabansa, ya ce ga muryar talakawa. Ni shaida ne, duk inda aka miƙa masa lasifika a watannin farko maganarsa ɗaya ce, injin, kafin ruwa. Sai a tafa masa sosai, a ce a ba shi abinci.

Bayan zaɓe aka naɗa Gaji mai ba gwamna shawara na musamman a kan harkokin fadama, aka ba shi ofis da gida a Damaturu. Mutanen Gudumari suka ce shi ke nan, namu ya shiga ciki. Shekarar nan Allah ya taimaka ruwa bai yi yawa ba, gonakin gefe kawai ya ci. Aka kafa kwamiti, Gaji na ciki, Dakta na ciki, wani almajirin Goni na ciki don a daidaita. Injin ma ya zo. An kawo shi a bayan tirela har bakin gada a nan Gashua, aka ɗaura masa kyalle, Goni ya yi addu'a, Dakta ya yi jawabi, aka yanke kyallen. Ni na aika labarin ƙaddamarwar, ya fito da hoto babba. Da yamma tirelar ta juya da injin a bayanta, aka ce ana buƙatarsa a wani wurin ƙaddamarwa, zai dawo.

Damina ta gaba ruwan yamma ya zo da ƙarfinsa. Ƙanen Gaji, wani mai suna Hasan, shi ya zo ya same ni, a ƙafa, don hanyar keke ta yanke. Ya ce ruwa ya shiga gari, katangu na zubewa, ana kwashe mata da yara a kwale-kwale zuwa kan tudu, wasu sun nufi Karasuwa wurin dangi, wasu za su zo su raɓa a bayan garin Gashua. Ya ce sun aika wa yayansa, an ce yana taro. Na bi shi na gani da idona, idon nan marar muƙami. Na rubuta, na buga wa editoci. Wannan karon ba su wahalar da ni ba. Suka ce ai kana da mutum, shugabansu kuma mai ba gwamna shawara, je ka ji ta bakinsa.

Na same shi a ofis a Damaturu. Ya yi ƙiba, fatar ƙafarsa ta warke, ga jaridun ranar a jere a kan tebur duk da na san har lokacin sai an karanta masa. Ya tashi ya rungume ni, ya sa aka kawo lemo. Na ajiye rikoda, na ba shi labarin abin da na gani, na yi shiru. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce yana kira ga al'ummar fadama da su ƙara haƙuri, su dage da addu'a da istigfari, su kuma sani cewa dimokuraɗiyya tafiya ce mai buƙatar lokaci da haɗin kan masu ruwa da tsaki. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don na san a gaban wa da wa ya zauna ya koyi wannan karatun, na kuma san wanda ya kai shi.

Na kashe rikoda na fara naɗe waya. Ya dubi ƙofa ya ga a rufe take, sai ya sunkuyo, muryarsa ta koma irin ta ranar da ya zo min da keke.

"Malam Idi, gidanmu yana tsaye?"

"Ɗakin gaba ya faɗi. Na bayan yana nan lokacin da na baro."

"Maƙabarta fa? Baba yana ta gefen gabas, kusa da giginya."

"Giginyar na gani. Ƙasan duk ruwa ne."

Ya cire hula ya riƙe ta a hannu, ya mayar. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, masinja ya leƙo ya ce ana jiran Honorabul a ɗakin taro. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya nuna rikodar da haɓa.

"Wannan na ƙarshen kada ka rubuta."

Ban rubuta ba. Kiran haƙurin ya fito a jaridun biyu da hotonsa, ɗaya da carbi ɗaya da tabarau, kuma a tsawon aikina ranar ce kaɗai na ga sun yi kanu iri ɗaya.